Amin da Ma'amun 'Yan Uba Ne: Gyara Kan Labarin Zubaida da Haizurana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rubutun da ya fito a shafinku na tarihi makon jiya kan matan gidan halifancin Abbasiyawa. Allah ya saka wa marubucin, ya yi ƙoƙari. Sai dai alƙalaminsa ya zame a wuri guda, inda ya ce Amin da Ma'amun, 'ya'yan Haruna Rashid, uwarsu ɗaya, wato Zubaida. Ba haka ba ne. Zubaida Amin kaɗai ta haifa a cikinsu. Uwar Ma'amun baiwa ce daga ƙasar Farisa, sunanta Marajil, kuma ɗanta ya girmi Amin da kamar wata shida. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da tarihi kafin in ajiye alli, kuma duk ɗalibin da ya rubuta mini wannan kuskure sai na zana masa jan biro, domin wanda bai san su 'yan uba ba ne ba zai taɓa gane abin da ya ƙone Bagadaza ba.

Da gyaran suna ne kawai, da na yi layi biyu na sa hannu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda marubucin ya raba matan nan gida biyu: Zubaida ta zama waliyyiya mai haƙa rijiyoyi, Haizurana, uwar Haruna, kuma makira mai tsoma baki cikin mulkin maza. Ni a karatuna wasa ɗaya suka buga, a gida ɗaya, kuma jini ɗaya ne a jikinsu.

Haizurana baiwa ce da aka kawo daga Yaman. Ta shiga gidan Mahadi ɗan Halifa Mansur a matsayin ƙwarƙwara, ta haifa masa Musa da Haruna. A gidan akwai uwargida, Raiɗa, 'yar Saffah halifan farko na Abbasiyawa, ita ma da 'ya'yanta maza. In asali ake bi, 'ya'yan Raiɗa ne gaba. Amma da Mahadi ya hau gado a 775 sai ya 'yanta Haizurana ya aure ta, aka matsa wa Isa ɗan Musa, dattijon dangi da ke jiran gado, ya janye, aka yi wa Musa mubaya'a, daga baya aka sa Haruna a bayansa. 'Ya'yan gimbiya suka zama 'yan kallo. Ita kuwa ba ta tsaya kan 'ya'yanta ba. Ɗan'uwanta Giɗrif ya samu gwamnan Yaman. 'Yar'uwarta Salsal ta shiga gidan Ja'afar, ɗan'uwan Mahadi, kuma ita ce ta haifi Zubaida. Ka ga ke nan auren Haruna da Zubaida, wajen shekarar 782, tuwona maina ne ta fuska biyu: ubanninsu wa da ƙane, uwayensu ya da ƙanwa. Matar da marubucinku ya kira makira ita ce innar wadda ya kira waliyyiya, kuma surukarta.

Akwai wata igiyar da ta ɗaura wadda ta fi ta aure ƙarfi, ita ce ta nono. Matar Yahaya ɗan Halidu Barmaki ta shayar da Haruna, Haizurana kuma ta shayar da Fadlu ɗan Yahaya. Haruna ya tashi yana ce wa Yahaya baba. Duk wanda ke mamakin yadda Baramika, zuriyar masu kula da wani wurin bauta a Balkhu, suka riƙe daular shekara 17, to ya fara nema daga wannan shayarwar.

A 785 Mahadi ya rasu a kan tafiya. Musa yana can Jurjan wajen yaƙi, sojojin Bagadaza suka tayar da tarzoma suna neman kuɗinsu. Haizurana ce ta aika a kirawo manyan fada, aka tara kuɗi aka biya soja, aka riƙe wa Musa gadon har ya iso. Wannan ba a cika faɗarsa ba. Abin da kowa ya haddace shi ne faɗan da ya biyo baya.

Musa, wanda ya ɗauki laƙabin Hadi, saurayi ne mai zafin kai. Kullum safiya yana ganin ayarin hakimai da kwamandoji a ƙofar uwarsa. Wata rana ta nemi alfarma ga wani babban jami'i, ya hana, ta nace, ya ƙi, ta tashi a fusace. Malamin tarihi Ɗabari ya kawo abin da ya faɗa mata: ya tambaye ta ko ba ta da mazarin da zai shagaltar da ita, ko Alƙur'anin da zai tunatar da ita, ko ɗakin da zai killace ta, ya kuma yi rantsuwa duk jami'in da ya sake tsayawa a ƙofarta sai ya sare masa kai ya ƙwace dukiyarsa. Daga nan ya tara kwamandojinsa ya tambaye su wa zai so maza su riƙa hira da sunan uwarsa. Suka ce babu. Ƙofa ta bushe.

Lokacin da nake koyarwa, ina karanta wa ɗalibaina wannan wuri duk shekara, kuma duk shekara samarin aji sai sun yi tafi, 'yan matan su murtuke. Sai in tambaye su: me Hadi yake shiryawa a daidai wannan lokaci? Yana so ya tsige ƙanensa Haruna daga jiran gado ya naɗa ɗansa Ja'afar, yaro ƙarami. Yahaya Barmaki ya ƙi ba da kai, aka jefa shi kurkuku. To a nan maganar mazari ta canza launi. Hadi yana rufe ƙofar da magoya bayan Haruna ke haɗuwa ne, ya kuma san kunya ita ce makamin da ya fi saurin korar maza daga ƙofar mace.

A watan Satumba na 786 Hadi ya rasu, bai cika wata 15 a kan mulki ba. Wasu masu tarihi sun ce ciwon ciki ne, wasu sun ce uwarsa ce ta sa kuyanginta suka danne masa fuska da matasai yana jinya. Duka ruwayoyin biyu suna cikin littattafai, kuma marubucinku ya ɗauki ta biyun ya miƙa wa masu karatu kamar ya ga abin da idonsa. Wannan bai dace ba. A daren ne aka fito da Yahaya daga kurkuku, aka tashi Haruna daga barci aka yi masa albishir da halifanci, aka kuma haifi Ma'amun. Halifa ya mutu, halifa ya hau, an haifi halifa, duk a dare ɗaya.

Shekara uku da suka biyo baya Yahaya ne waziri, amma sai ya shiga wurin Haizurana ya ji ra'ayinta. Ta rasu a 789. Haruna ya bi gawarta ba takalmi, cikin taɓo, har maƙabarta. Yana fitowa daga kabarin ya kira Fadlu ɗan Rabi'u, abokin hamayyar Baramika, ya ba shi hatimi, ya ce masa ya daɗe yana son ɗaga shi uwarsa ce take hanawa. Ko ƙasar kabari ba ta bushe ba. Wannan labari ya fi kowane nuna mini nauyin matar nan.

Kuma in aikin alheri ne ma'auni, ita ma tana da nata. Ita ta sayi gidan da aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Makka ta mai da shi masallaci. Gidan Arƙam, inda Musulmin farko suke taruwa a ɓoye, ya daɗe ana kiransa gidan Haizurana saboda aikin da ta yi masa. Ban ga ko ɗaya a rubutun makon jiya ba.

Yanzu ga Zubaida, kuma kada a yi mini mummunar fahimta, ina ƙaunarta. Sunanta na yanka Amatul Aziz, kakanta Mansur ne ya laƙaba mata Zubaida, ɗan curin man shanu, saboda ƙibarta tana jaririya. Shekarar da na sauke farali, a gindin Dutsen Rahama a Arfa, na ga ragowar ginin magudanar da ta sa aka jawo ruwa da ita daga Wadi Nu'uman. Na tsaya na yi mata addu'a, 'yan tawagarmu suna ta kirana. Hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, mai tsawon kamar kilomita 1,400, halifofin Abbasiyawa na farko ne suka fara ta, amma tafkuna da rijiyoyi da masaukan da ta ƙara sun sa har gobe da sunanta ake kiran hanyar. An ruwaito cewa da ma'ajinta ya koka da tsadar aikin ruwan Makka, ta ce a yi ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Wannan duk gaskiya ne, Allah ya karɓa mata.

Amma ita ɗin ce uwar Amin. Amin Bahashime ne ta uwa da uba, abin da ba a taɓa samu ba a halifofin Abbasiyawa, kafinsa ko bayansa, kuma dangin suna ji da wannan. A 792, yana ɗan shekara 5, aka yi masa mubaya'ar jiran gado aka tsallake wansa. Kawunsa Isa ɗan Ja'afar, ɗan'uwan Zubaida, shi ya je ya samu Fadlu Barmaki ya nemi goyon baya. Wane bambanci ke tsakanin wannan da abin da Haizurana ta yi wa 'ya'yan Raiɗa? Waccan baiwa ce ta ture 'ya'yan gimbiya, wannan gimbiya ce ta ture ɗan baiwa. Kowacce ta yi aiki da ɗan'uwanta, da Baramika, da kunnen mijinta.

Haruna ya hango wutar. A 802 ya je hajji da 'ya'yan biyu, aka rubuta yarjejeniya: Amin ya yi halifa, Ma'amun ya riƙe Hurasan kuma ya gaje shi. Aka rataye takardun a cikin Ka'aba. Shekara na zagayowa Haruna ya kashe Ja'afar ɗan Yahaya Barmaki ya ɗaure Yahaya da Fadlu, wato ya cire mutanen da ke da ƙafa a kowane ɓangare na gidan. Ya rasu a Ɗus a 809. Ba a daɗe ba Amin, da zugar Fadlu ɗan Rabi'u, ya cire sunan wansa daga huɗuba, ya sa na ɗansa Musa, ya aika aka ɗauko takardun Ka'aba aka yayyaga. Abin da Hadi ya so yi wa Haruna ke nan, ba ragi ba ƙari, sai dai a wannan karon uwar halifa tana bayan ɗanta.

A 811 aka tura Aliyu ɗan Isa da runduna ya kamo Ma'amun. An ruwaito Zubaida ta kira shi ta yi masa wasiyya kada ya wulaƙanta Ma'amun, kada ya yi masa magana irin ta bawa, kada ya riga shi hawa doki, sannan ta miƙa masa mari na azurfa, in ta kama a ɗaure shi da wannan. Na sha tunanin marin nan. Tausayi ne, i, amma mari mari ne ko da na azurfa ne. Aliyu bai kai ko'ina ba, Ɗahiru ɗan Husaini, kwamandan Ma'amun, ya kashe shi kusa da Rayyu. Aka yi wa Bagadaza ƙawanya fiye da shekara, aka rusa unguwanni, a 813 aka yanke kan Amin aka aika wa wansa a Marwa.

Ban ce Zubaida ce ta jawo yaƙin ita kaɗai ba. Waziran ɓangarorin biyu da harajin Hurasan da sojojin Bagadaza duk suna da kaso mai tsoka. Abin da nake cewa shi ne, in za a ɗora wa Haizurana mutuwar mutum ɗaya bisa ruwayar da ake saɓani a kanta, adalci bai yarda a wanke Zubaida tas daga zaɓin magajin da ya ci dubban rayuka ba. Kuma in za a yi wa Zubaida uzuri da cewa uwa ce mai kare ɗanta, to Haizurana ma Haruna take karewa. A wannan gida mace ba ta da kujera sai ta ɗanta. Ɗan ya faɗi, ta faɗi da dukiyarta da danginta. Dubi Shagab, uwar Muƙtadir wanda ya hau gado a 908 yana ɗan shekara 13. Ta yi ƙarfi har wata hadimarta, Sumal, ta zauna sauraron ƙararrakin jama'a da alƙalai a gefenta. Da aka kashe ɗan a 932, sabon halifa Ƙahir ya sa aka azabtar da ita don ta fito da dukiya, ba ta daɗe ba ta rasu.

Zubaida ta tsira daga irin wannan ƙarshe, kuma da wayonta ta tsira. Wasu sun zuga ta ta nemi fansar jinin ɗanta, ta ƙi. Da Ma'amun ya shigo Bagadaza a 819 ta yi masa barka, ta ce ta rasa ɗa halifa an musanya mata da ɗa halifa wanda ba ta haifa ba. Ya mayar mata da dukiyarta, ya girmama ta har ta rasu a 831. Malam Edita, ka lura da kalmarta: wanda ba ta haifa ba. Ita da bakinta ta yi gyaran da nake roƙon ku buga.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar tarihi, mai bibiyar shafinku