A fara koya wa malaman, robobin na iya jira

Malam Edita, assalamu alaikum. Ni anfirmiye ce, na jima ina aikin likita, yanzu kuma ina karantarwa a wata lakwal ta kiwon lafiya nan Tawa. Bara waccan aka kawo muna mutum-mutumi na roba guda 2, mai ciki da jinjirinta, aka yi hoto aka yi tafi, daga nan sai cikin kabad, makulli aljihun shugaban lakwal, wai kar yara su ɓata su. Gaskiyar magana mu malaman ne ba mu san yadda ake karantarwa da su ba.

Ranar da na samu aka ba ni jinjirin, na ce ma wata ɗaliba ga shi an haife shi bai yi kuka ba, yi abin da ya kamata. Ta ɗora mishi abin hura iska a juye, hannunta na kyarma, ni kuwa na daka mata tsawa yadda namu malaman suka riƙa yi muna, yarinya ta ƙame, minti ɗayan nan da ake cewa jinjiri ya samu numfashi cikinshi ya wuce tana kallona. Laifina ne. Sai daga baya wata abokiyar aiki ta fahimtar da ni ashe karatun yana cikin zaman da ake yi bayan an gama, a zauna a tambaye ta me kika gani, me ya sa kika yi haka, ta gano kuskuren da bakinta, kuma riƙe harshe irin wannan wallahi sai an koya ma mutum.

Tun 2012 hukumar lafiya ta Faransa ta ɗauki ƙa'idar kar ɗalibi ya fara gwada hannunshi kan marar lafiya. Mu nan pikirin farko a damtsen ɗan wani ake koyonshi wurin estaj.

Roƙona ga ministan lafiya da ENSP, wato lakwal ɗin kiwon lafiya ta ƙasa, ta Yamai da ta Damagaram, a shirya ma malamai horo mai rabi biyu. Yamai ta fi kilomita 500 daga nan, wa zai bar aji da iyali wata guda? A turo karatun ta waya, bidiyo gajeru don rezo da kuran ɗinmu kowa ya san halinsu, sannan a tara mu kwana 4 ko 5 mu yi da hannu, mu ma a sa mu gaban robar mu ji yadda kyarmar take. Makullin kuma a ba malamin aji.

Wata malama, daga Tawa