Kafin gona, daji ne rumbunmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kuka kan yadda ake sare itatuwan dajinmu ana gawayi, kamar ba su da wani amfani sai wuta.

Noma bai zo dare ɗaya ba. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali masu tonon tarihi sun samu sawun gero jikin tsofaffin tukwane na kusan shekara 4,500. Kafin nan geron daji ake bi, wanda tsabarsa ke zuba ƙasa da zarar ta nuna. Mutane suka riƙa ajiye irin zangarniyar da ke riƙe tsabarta, shekara bayan shekara, har gero ya zama na gida. Shibrar da manomi ke cirewa a gonarsa yau dangin wancan geron ne.

Amma ko da rumbu ya samu, kakanninmu ba su juya wa daji baya ba. Na tashi ina ganin kakata tana dawowa da ƙwarya cike da tafasa da yaɗiya a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. A yunwar 2005 a Nijar, anza, wato 'ya'yan wani itacen daji, mutane da yawa suka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, suka ci suka rayu.

Bara na je garinmu, ɗorawar da muke tsintar kalwa a gindinta saura kututture. Ina roƙon masu unguwanni da hakimai su hana taɓa ɗorawa, kuka, kanya da kaɗanya.

Naka,
Wani mai karatu daga Katsina