Zuwa ga ƙanena da ya tambaya ko Sarkin Ingila jikan Ragnar ne

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayar da ka aiko mini a shirinmu na tarihi a rediyo ta iso, sai dai lokaci bai bari an amsa ta a can ba. Ka ce a fim ɗin nan mai dogon zango, Vikings, an nuna Rollo da Ragnar Lothbrok 'yan'uwan juna ne, kuma ka ji ana cewa Sarki Charles na Uku jininsu ne. Shin haka ne?

Rollo dai kakansa ne, babu ja. Batun Ragnar kuwa sai an bi a hankali.

Rollo shugaban Vikings ne, wato mahara daga arewacin Turai, da suka addabi bakin kogin Seine a Faransa. A shekarar 911 sarkin Faransa na lokacin ya ga yaƙi ba zai fisshe shi ba, sai ya yanka masa ƙasa a kewayen birnin Rouen, bisa sharaɗin ya karɓi Kiristanci, ya kuma tsare hanyar kogin daga 'yan'uwansa mahara. Ƙasar nan ce ta zama Normandi. Daga nan salsalar a shimfiɗe take. Ɗansa William Mai Dogon Takobi ya gaje shi, aka yi masa kisan gilla a wurin taron sulhu a 942. Sai Richard na Ɗaya, sai Richard na Biyu, sai Robert, wanda ya rasu a 1035 a hanyarsa ta dawowa daga ziyarar Ƙudus. Robert bai bar ɗan aure ba, sai wani yaro ɗan gaba da fatiha, wanda aka daɗe ana yi wa gori da haihuwarsa. Yaron nan shi ne William da ya ci Ingila da yaƙi a 1066.

Amma kar ka ɗauka daga uba zuwa ɗa abin ya yi ta gangarowa. Henry na Ɗaya, ɗan William, ya rasa magajinsa a 1120, lokacin da jirgin ruwan da yake ciki ya daki dutse da dare ya nutse. Ta wajen 'yarsa Matilda jinin ya wuce, ɗanta Henry na Biyu ya hau gado a 1154. Haka aka yi ta ratsawa ta ɗakunan mata har zuwa kan Charles.

Inda ake cacar baki shi ne asalin Rollo kansa. Wani malamin coci mai suna Dudo, wanda jikokin Rollo suka sa ya rubuta tarihin gidansu, cewa ya yi daga Denmak ya fito. Marubutan Aisland, bayan kusan shekara 200, suka ce a'a, ɗan Rognvald ne, hakimin yankin Møre a Norwe, ƙato ne da babu dokin da ke iya ɗaukarsa, shi ya sa kullum yana tafe a ƙasa. A 2016 masu bincike suka buɗe wani akwatin dutse a garin Fécamp, inda ake zaton Richard na Ɗaya da na Biyu suke kwance, don a gwada ƙwayar halittarsu a raba gardama. Da aka auna ƙasusuwan sai aka tarar sun girmi mutanen da ake nema. Ba nasu ba ne, gardama ta koma inda take.

Shi kuwa Ragnar, yawancin labarinsa, har da ramin macizan da aka ce Sarki Ælla na arewacin Ingila ya jefa shi, a ƙarni na 13 aka rubuta shi. Akwai dai wani Reginherus da littattafan Faransa suka ce ya kai wa Paris hari a 845, sai da aka biya shi azurfa fam 7,000 ya janye. Ko da shi ne Ragnar, lissafa ka gani: tsakanin harin da yarjejeniyar Rollo shekara 66 ne, kuma Rollo ya rayu har wajen 930. Babu tsohon rubutun da ya haɗa su ciki ɗaya. Masu fim ne suka ƙulla wannan zumunci.

Ni ban ga laifinsu sosai ba, domin sana'ar tsohuwa ce. Mawaƙan fadar Norwe sun kai asalin Sarki Harald Mai Kyakkyawan Gashi har ga gunkinsu Frey. Marubucin Aisland Snorri Sturluson, da yake rubutu wajen 1230 yana Kirista, ya mai da babban gunkinsu Odin mutum, wai basarake ne da ya yi ƙaura daga Asiya. Duk wanda ya taɓa sauraron maroƙi a ƙofar fada yana jero kakannin mai sarauta ya san yadda abin yake: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Idan kana son shaidar da ba ta bi ta bakin mawaƙi ba, akwai ta a garin Jelling na Denmak. Duwatsu biyu ne a tsaye kusa da coci. Ƙaramin, Sarki Gorm ne ya kafa shi don tunawa da matarsa Thyra. Babban, ɗansu Harald Bluetooth ne ya sa aka sassaƙa shi wajen 965, ya ambaci uban da uwar da sunansu, ya ƙara da cewa shi ne ya mallaki Denmak da Norwe, ya mai da Denawa Kirista. Gidan sarautar Denmak na yanzu daga Gorm yake ƙirga asalinsa, shi ma ta wajen mace, wato Estrid 'yar'uwar Sarki Knut. Charles kuma ya haɗa jini da wannan gida ta uwa da ta uba, domin Sarauniya Elizabeth da mijinta Philip dukansu zuriyar Sarki Christian na Tara na Denmak ne.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Yayanka