Ga 'yan ƙungiya na waje: maganar yaronmu da aka yasar cikin sanyi

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayye da ƙanne na Hamburg, Landan, Bronx, Toronto da Italiya. Gaisuwa daga Nima, unguwarmu ta Accra.

Da yawanku kun ji labarin ɗan wajen Baba Tela, mai tsaron bayan nan na yaranmu na kolts, wato ƙwallon ƙafa na matasa, da ke atisaye a filin Kawukudi. Muna so ku ji shi daga bakinmu, domin abin da ke yawo a WhatsApp rabinsa ƙari ne. Yaron yana raye, yana kwance a asibiti a gabashin Turai, likita ya ce ciwon huhu ne, kuma jiki ya fara sauƙi. Alhamdulillahi.

Wani ejan, wato dillalin 'yan ƙwallo, shi ne ya karɓi kuɗi hannun mahaifinsa, kuɗin da sai da aka sayar da keken ɗinki biyu aka haɗa da bashi, ya ce gwaji zai kai shi. Ya sauke shi a tsakiyar lokacin sanyi da jaka ɗaya da rigar sanyi ta gwanjo da aka sayo a Kantamanto. Yaron da sanyin da ya sani bai wuce na hunturu da iskar teku ta watan Agusta ba, shi aka tura fili ƙanƙara na zuba, da gajeren wando, ba safar hannu, ba hula. Ya yi gudu ya jiƙe da gumi, aka cire shi aka zaunar a benci da jiƙaƙƙiyar riga har aka tashi wasa. Kwana uku haka. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ejan ya kashe waya.

Laifin farko namu ne na gida, ba mu ɓoye ba. Mun ga ana shirin tafiyar muka yi shiru don kada a ce hassada muke yi. Tun da Allah ya ɗaga ɗan ƙwallon nan na Nima, Mohammed Kudus, kowane uba a zango gani yake nasa ne na gaba. An manta Kudus ta makarantar Right to Dream ya bi ya tafi Denmark a 2018, da mutanen da suka san inda zai kwana da abin da zai sa. Kuma dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wani kulob a ƙasar waje, sai da 'yan dalilai ƙalilan da babu wanda ya shafi namu.

Amma abin da ya fi yi mana ciwo daga wajenku ya zo. Daren da labari ya iso, Sakatare ya kira duk wanda muke da lambarsa a Turai har asuba. Wasu sun ga kira ba su ɗaga ba. Wani ya ɗaga ya ce ba ya shiga maganar da babu takardu a cikinta. Wani kuma, wanda duk zuwansa gida mu ke tarbarsa a filin jirgin Accra, cewa ya yi uban ya ɗanɗana kwaɗayinsa. Ba za mu kira suna ba, ya san kansa. Ku ne kuke turo mana hotunan 'ya'yanku ranar Asabar a fili, da dogon wando a ƙarƙashin gajere, da safar hannu, uwa na tsaye a gefe da shayi a fulas da busasshiyar riga. Kun san wannan sanyin fiye da mu, kun san abin da yake yi wa yatsun yaro. Da kuka ji za a kawo shi a watan da kuke rufe tagogi, wa ya ɗaga waya ya gargaɗi Baba Tela? Ɗa na kowa ne, haka iyayenmu suka raine mu a lungunan Nima da Maamobi, kuma a cikinku akwai waɗanda tuwon gidan wannan tsohon ya rufa wa asiri kafin su samu biza.

Hajiyarmu ta Hamburg ce ta ajiye aikinta ta hau mota ta je ta zauna a kansa. Allah ya saka mata, ya raya nata. Kuɗin tikitin dawowarsa da abin da Hajiya ta kashe suna kanmu, asusu kuwa babu komai, domin yawancin na waje ba su biya kuɗin wata ba tun bayan babbar salla. A turo ta MoMo, wato asusun kuɗin waya na Ma'aji, kafin Juma'a.

Daga yau duk ejan da ya zo wa yaranmu, sai ya zauna gaban kwamiti da Koci, ya nuna lasisinsa da takardar gayyatar kulob.

Sauran batutuwa: sadakar arba'in ta Inna tana nan yadda aka sanar. Rufin makarantar allo ya tsaya. Raga da ƙwallayen da reshen Bronx ya yi alkawari ba su iso ba.

Taro ranar Lahadi bayan la'asar, za a buɗe waya ga na waje. Baba Tela zai halarta.

Shugaba da Sakatare, a madadin kwamiti