Don Allah a buɗe mana filin koyon Jamusanci da Hausa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Wata bakwai kenan ina koyon Jamusanci a waya nan Katsina da niyyar zana jarrabawar Jamusanci ta cibiyar Goethe a Legas, kuma wallahi abin da ya fi wahalar da mu shi ne duk bayanin da turanci ake yinsa, sai ka fassara sau biyu a kanka kafin ka gane.

Ranar sunan ɗan yayata a Ƙofar Marusa, ana fiɗar rago ina gefe na turo wa ajinmu na WhatsApp jimlata cewa sun raɗa masa suna Musa, na rubuta "Sie haben ihn Musa genennt". Kuskure ne, kuma mu goma sha ba wanda ya gano sai washegari. Daidai shi ne genannt.

Kalmar nennen ce, wato raɗa suna ko kiran mutum da wani suna. Mu a Hausa "kira" ba ta motsawa, na kira, ya kira, suka kira, wakilin suna ke ɗauke da lokacin. Su kuwa Jamusawa, in abin ya riga ya wuce, cikin wannan kalmar kanta ke juyewa, e ɗin ya koma a, sannan ta ɗauki te a ƙarshe: ich nannte, du nanntest, er nannte, wir nannten, ihr nanntet, sie nannten. Wannan a rubutu da labarai aka fi ganinta, a hira kuma "ich habe genannt" za ka fi ji. Kuma ba ita kaɗai ba ce, kennen (sani) ta zama kannte da gekannt, brennen (ƙonewa) ta zama brannte da gebrannt, rennen (gudu) ma haka, ka kama ɗaya ka kama huɗu.

Inda yara ke ƙara ruɗewa shi ne heißen. Wannan ta mai sunan ce, "er hieß Musa", sunansa Musa a da. Nennen kuma ta wanda ya sa sunan ce. Kun ga da Hausa layi biyu ya isa, amma ni sati na yi ina juya shi.

Sashen Hausa na DW tun 1963 yake mana magana daga Jamus, iyayenmu da shi suka saba, ga samarinmu da 'yan mata da yawa yanzu suna son tafiya karatu ko aikin jinya can. Ku ba mu ko rabin shafi ne duk Juma'a, kalma ɗaya da juyinta da misali daga rayuwarmu. In kuna so ni zan fara turo na nennen ɗin.

Nagode.
Mai karanta jaridarku, Ƙofar Marusa, Katsina.