Wasiƙar Godiya Ga Masu Gyaran Kwamfutar Da Suka Ceto Aikina

Zuwa ga Injiniya, maigidan shagon gyaran kwamfutar da na kai wa aiki a titin Beirut da ke Kano, tare da yaran shagonsa baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku a bakin shago ba ta kai girman aikin da kuka yi mini ba, kuma ina so abokan sana'ata masu ɗab'i su san yadda aikin ƙwarai yake idan abin da ya same ni ya same su.

Sana'ata buga katin biki ce da kalanda da littattafan makarantun Islamiyya, kuma duk zanen da na tara tsawon shekaru yana cikin faifan ajiya guda ɗaya mai gigabait 500, irin na da mai juyawa. Kwamfutar ta fara ne da nauyi, har sai na yi alwala na dawo kafin fayil ɗaya na CorelDRAW, manhajar da nake zane da ita, ya buɗe, daga baya kuma ta soma wani ƙas-ƙas daga ciki kamar na agogon bango. Da na kawo muku ita kun duba rahoton lafiyar da faifan yake ajiyewa a kan kansa, wanda ake kira S.M.A.R.T., kuka nuna mini alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a manhajar CrystalDiskInfo, sannan kuka ɗora yatsa a kan layuka biyu masu lamba 05 da C5, wato guraben ajiyar da suka lalace aka maye su da wasu, da waɗanda aka kasa karantawa suke jiran hukunci. Nan take kuka kashe ta, kuka ce kowace kunnawa rage wa faifan kwana take yi.

Kwafe abin da ke cikin faifan da kuka yi ba zan tsawaita a kai ba. Kun yi shi a kan Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, da ddrescue, manhajar da take fara kwashe wuraren da suke da lafiya kafin ta koma ta lallaɓa masu ciwo, tana rubuta taswirar abin da ta samu da abin da ya gagare ta. Kun fara sauke kwafin a wani faifai naku mai lafiya, daga nan ne kuka zuba shi a sabon SSD ɗin da na saya, wato faifan zamani da ba ya juyawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Ranar da na leƙo shagon na tarar kwamfutar ta tashi, Windows ya buɗe cikin ƙiftawar ido, hoton 'yata yana nan a fuskar allo kamar yadda na bar shi. Har na sa hannu a aljihu, sai kuka ce in dakata, aiki bai ƙare ba. Kuka yi mini bayanin cewa duk gurbin da ya ƙi karantuwa, wurinsa a sabon faifai fanko ne, don haka fayil yana iya fitowa da sunansa da girmansa daidai alhali cikinsa ya zama kamar azarar da gara ta cinye, ba za a gane ba sai ranar da aka jingina da ita. A ganina a nan ne ake rabuwa tsakanin mai gyara da mai sallamar kwastoma, domin da kun karɓi kuɗinku a ranar, da na tafi ina sa muku albarka ban san komai ba.

Kun riga kun gwada lambar tantancewa ta SHA-256 ta kwafin da ke hannunku da ta abin da aka zuba a SSD, tun kafin a kunna shi, domin a tabbata ba a yi ɓarin komai a hanya ba. Kun cire tsohon faifan gaba ɗaya kafin tashin farko, saboda faifai biyu masu shaida iri ɗaya suna rikita Windows. Sannan kuka bi da chkdsk a kan sabon, umarnin duba tsarin faifai da kuka ƙi yarda a gwada a kan tsohon domin yana iya ƙarasa faifan da ke gargara. Bayansa umarnin sfc ya gano wasu fayilolin Windows da suka taɓu, da ya kasa gyara su duka kuka kawo wani umarnin gyaran Windows mai suna DISM, kuka maimaita sfc har ya fito ba ƙorafi.

Sai dai waɗannan umarnai lafiyar Windows da tsarin faifai kawai suke dubawa, ba ruwansu da zanen katina. Saboda haka kuka koma kan taswirar ddrescue kuka bi kowane gurbin da ya gagara har kuka gano fayil ɗin da yake zaune a kansa. Ba zan manta da ƙaramin yaron shagonku ba, wanda ya zauna a kan benci daga azahar har kiran magariba yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta sakamako a littafi da biro. A gabana ya buɗe hoton wasu ango da amarya, rabin sama lafiya lau, rabin ƙasa kuwa toka-toka kamar an shafe shi da siminti. Bai tsallake shi ba, bai kuma ɓoye ba, ya juyo allon ya ce mini, Baba, wannan ya tafi.

Takardar da kuka miƙa mini ɗauke da sunayen fayilolin da ba su tsira ba ta fi mini komai daraja a cikin aikin nan. Da ita na kira masu hotunan suka sake turo mini ta WhatsApp, na kuma sake tsara shafukan wani littafin azkar tun kafin makarantar ta aiko a ƙara buga mata, maimakon in gano ɓarnar ana gobe za a karɓi aiki.

Na bi shawararku na sayi faifai na waje da nake kwafe aiki a cikinsa duk ranar Alhamis, kuma tsohon faifan yana cikin durowa a ambulan ɗin da kuka rubuta wa "kada a kunna". Kamar yadda kuka nema, zan dawo da kwamfutar bayan wata guda a sake duba lafiyar SSD ɗin kafin ku goge kwafin da kuka riƙe mini.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci hannuwanku da na yaranku, ya sa su gaji wannan riƙon amana.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sana'ar ɗab'i a birnin Kano