A gyara yadda ake ƙirga marasa lafiya a asibitocin soja da na farar hula

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana kan alƙaluman kiwon lafiya a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru. Da waɗannan alƙaluma ake yanke yawan maganin da za a aika Mokolo ko Kusuri, don haka kuskure a cikinsu yakan zama rashin magani a hannun mai jinya.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Ma'aikacin jinya yana rubuta kowane majinyaci a rajista. Ƙarshen wata a ƙirga, a cike takardar rahoton wata, a shigar da ita cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, kuma Ma'aikatar Lafiya take amfani da ita. Cututtuka masu saurin yaɗuwa irin su kwalara da ƙyanda kuwa, kowane mako ake kai rahotonsu. Tsarin yana da kyau, sai dai an gina shi ne kamar mutum zai zauna wuri guda. Mu kuwa yankinmu na masu tafiya ne: soja da ake sauya wa wurin aiki, 'yan gudun hijira na Mayo-Sava da sansanin Minawawo, makiyaya, da 'yan kasuwa masu tsallaka gada zuwa Njamena.

A ɗauki soja mai shan maganin ƙanjamau. Ya fara karɓa a barikinsa na kudu, sai aka tura shi Mora. A ƙa'idar da ake bi, idan ya wuce ranar alƙawarinsa da kwana 28 bai zo ba, asibitin farko zai rubuta cewa ya daina shan magani. Can kuma inda ya sauka, idan babu takardar sauyi a hannunsa, ko kunya ta hana shi faɗi, sai a sake yi masa gwaji, a buɗe masa sabon fayil a matsayin wanda aka gano yau. Mutum ɗaya ya zama biyu: ɗaya ya ɓace, ɗaya sabon kamu. Rahoto zai nuna cutar na ƙaruwa kuma mutane na gudun magani, alhali ba ko ɗaya da ya faru. Abin da ya fi damunmu shi ne lafiyar mutumin kansa, domin sakamakon gwajin yawan ƙwayar cutar a jininsa ya tsaya a tsohon fayil. Likitan da ke gabansa bai san ko ya taɓa haura 1000 ba, wato iyakar da ke sa a fara zargin magani ya daina yi masa aiki.

Maganin wannan ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta. Lamba ɗaya ga majinyaci, wadda zai riƙa bi da ita ko'ina. Takardar sauyi mai kwafi uku: ɗaya a hannunsa, ɗaya a fayil, ɗaya ga asibitin da zai karɓe shi. A ba shi maganin wata uku zuwa shida kafin ya tashi. Sannan kada a rufe fayil da sunan “ya ɓace” sai an kira wancan asibitin an ji.

Mun san sojoji suna da hujjar ɓoye wasu bayanai, kuma hujja ce mai ƙarfi. Yawan dakarun da ke kwance a wani sansani ba abin bazawa ba ne. Amma asibitocin soja suna duba matan sojoji da 'ya'yansu da mutanen unguwa. Haihuwar da aka yi a can, da allurar riga-kafin da aka yi wa yaro, na gundumar lafiya ne. A aika jimilla kawai, ba suna, ba muƙami, ba sunan runduna. Kwalara kuwa a sanar da ita a ranar da aka gan ta, ko a bariki ko a ƙauye.

Matsala ta biyu ita ce yawan jama'ar da ake raba lissafi da shi. Shekara da shekaru ana ƙiyasta shi daga ƙidayar 2005, kafin rikicin Boko Haram ya tashi garuruwa. Tun 2016 ake rabon maganin kare yara 'yan wata 3 zuwa 59 daga zazzaɓin cizon sauro a damina, wata-wata, gida-gida. Garin da baƙi suka cika zai nuna yaran da suka samu maganin sun wuce ɗari bisa ɗari, wanda ya watse kuma ya nuna ya gaza, a yaba wa wancan a tsawata wa wannan, duk bisa kuskure. Kuma takardar mai rabo tana shaidar shan rana ta farko ce kaɗai. Na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida. Sai an bi gidaje bayan kowane zagaye, ko da yara 19 ne a kowane yanki, a duba kati a tambayi uwa, kafin a san gaskiya. Allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta fara a Janairun 2024 za ta gamu da irin wannan, tunda ta huɗu sai yaro ya kai wata 24, lokacin da iyalai da yawa sun riga sun ƙaura.

Roƙonmu ga shugabannin gundumomin lafiya da likitocin soja shi ne su riƙa zama tare duk wata uku da rajista a gabansu. A zaɓi alƙaluma uku daga rahoton, a sake ƙirgawa da hannu, a gwada da abin da ke cikin manhaja; bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari a bi shi har tushe. A kwatanta yawan gwajin zazzaɓin da ya nuna cuta da yawan maganin da ya fita daga ma'aji. A koya wa masu cike takarda bambancin sifili da gurbin da aka bari fayau, domin na farko yana nufin ba a samu ba, na biyu ba a ƙirga ba. Sannan a mayar wa kowace cibiya da sakamakonta a takarda ɗaya kafin rahoton wata mai zuwa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ƙididdigar lafiya,
Garwa, Kamaru